Gidan na mai shi ne, mai saye kuwa na dillali ne

Wata ma'aikaciyar jinya a Gusau ta aiko da wannan tambaya: "Watan jiya na je wani ofishin dillalan filaye ina neman fuloti ɗaya wajen Damba. Suka ba ni takarda na cike da sunana, lambar wayata, wurin aikina, da adadin kuɗin da nake da shi. Filin bai yi mini ba, ban saya ba. Tun daga ranar wayata ba ta huta ba. Mai bulo ya kira, mai haƙar rijiyar burtsatse ya kira, wani dillalin da ban taɓa gani ba ya kira, har da masu ba da rance. Wa ya ba su lambata? Me suke samu a ciki? Kuma hakan ya halatta?"

Malama, sannu da haƙuri. Ruwa ba ya tsami banza, kuma ina ganin kin riga kin san daga inda tsamin ya fito. Na daɗe a harkar ƙiyasta kuɗin gidaje da dillancinsu, tun ana zaman benci a gindin dogon yaro har aka koma ofis mai kwamfuta. Zan faɗa miki yadda abin yake daga ciki, ko da zancen zai taɓa ni.

Dillali ba shi da gida. Filin da aka kai ki kika gani na wani ne, kuma in kin bincika za ki tarar mai shi ya faɗa wa dillalai huɗu ko biyar, kowannensu kuma ya faɗa wa yaransa. Kafin mako ya zagayo, fuloti ɗaya yana bakin mutum ashirin. Abin da mutum ashirin suka sani ba ya zama jarin kowa. Wanda dillali yake da shi shi kaɗai shi ne mai saye: ke, da abin da kike so, da abin da ke hannunki, da ranar da za ki iya biya. Shi ya sa dillali zai nuna miki fili cikin fara'a amma ya hana ki lambar mai shi, ya kuma hana mai shi lambarki. Babu abin da yake tsoro kamar a zagaye shi. Ranar da kika cike takardar nan, ke kina ganin kin fito hannu rabbana tunda ba ki saya ba. Su kuwa a wurinsu haja ce ta shigo kanti kyauta.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Dillaliyar da ke shiga gida-gida da ƙunshin zannuwa ta san wadda za ta aurar da 'ya bayan salla, da wadda ta ɗauki adashi, da wadda miji ya matsa wa za ta saki sarƙarta da araha. Da wannan sanin take cin abinci, zannuwan na mutane ne. Abin da ya sauya shi ne, sanin da a da yake zaune a kan mutum ɗaya ya mutu tare da shi, yanzu an rubuta shi, ana iya kwafarsa, ana iya tura wa mutum ɗari da danna yatsa ɗaya.

Dattijon da na fara koyon aiki a wurinsa, Allah ya jiƙansa, yana da littafin rubutu irin na 'yan firamare, bangonsa ya yi laushi don jiƙewa da gumi a aljihun gaba. Bai taɓa ba kowa takarda ya cike ba. Hira yake yi. Mutum zai zo, a shimfiɗa masa tabarma, a aika yaro ya kawo fura, sai ya fara: "Alhaji, mi kaka nema? Na zama ne ko na ajiya? Iyali nawa? Shin wancan gidan naka na Tsafe, kun taso gaba ɗai ko akwai saura?" Baƙo yana shan fura yana zuba. Bayan ya tafi sai dattijo ya ciro littafi ya rubuta layi ɗaya. In kuɗin mutum na hannu, ya zagaye sunan da jan biro. In kuɗin sai an sayar da shanu ko an cire amfanin gona, ya rubuta watan a gefe. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba ya rubuta filayen da aka ba shi. Ya ce fili ba ya gudu.

A cikin abin da kika rubuta, suna da lambar waya su ne mafi araha. Masu tsada su ne iyakar kuɗinki, lokacin da kike son saye, da dalilin da ya sa kike so. Wurin aikinki kaɗai ya gaya musu abubuwa da dama: kina da albashi duk wata, kina iya cin bashin ƙungiyar ma'aikata, kuma ba za ki bar gari gobe ba. Wannan ne ya jawo miki kiran masu rance.

To me ake yi da waɗannan bayanai? Amfanin farko babu laifi a cikinsa, shi ne ma aikin da kika je nema: in fili irin wanda kike so ya fito, a kira ki. Dillalin da ya riƙe bayananki da kyau ya hutar da ke yawon rana.

Daga nan ne abin yake fara zama jari. Dillali yana zuwa wurin mai gidan da zai sayar ya ce masa, "Ina da mutum goma sha biyu masu neman irin gidanka, uku kuɗinsu na hannu, ka bar mini shi ni kaɗai na wata ɗaya." Da sunanki, ko ba a ambace shi ba, aka karɓo wannan gidan. Yawan masu saye na jawo masu sayarwa, yawan gidaje na jawo sababbin masu saye, haka ofis yake girma har ƙananan dillalai su koma kai masa kaya.

Inda ya fi shafar aljihunki shi ne farashi. A ƙasar nan ba mu da wata rajista da kowa zai buɗe ya ga nawa aka sayar da filin da ke maƙwabtaka da wanda yake tayawa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, kuma canja mallaka a hukumance sai da amincewarsa, amma yawancin cinikin unguwa a takardar yarjejeniya da shaidu da sa hannun mai unguwa yake ƙarewa. Saboda haka ainihin farashin kasuwa yana cikin kawunan dillalai da littattafansu. Ke ba ki san ƙasan farashin mai fili ba, dillali kuwa ya san shi, ya kuma san ƙololuwar kuɗinki tunda da hannunki kika rubuta. A ce mai fili ya ce a kawo masa miliyan uku, abin da ya hau na dillali ne. Ke kuma kin rubuta kina da miliyan huɗu. Kada ki yi mamaki in duk filin da aka nuna miki ya zama "miliyan huɗu da ɗari biyu, amma saboda ke za a yi magana". Za a rage miki dubu ɗari biyu ki tafi kina godiya, sannan ki biya la'ada a kai, wadda a wurare da yawa kashi 5 cikin 100 ce a saye, kashi 10 a haya. In kuma kin faɗi cewa mai gidan hayarki ya ba ki wa'adi, sai ki ji wani Alhaji ya ɓullo wanda zai zo da kuɗi bayan la'asar. Wannan Alhajin ya fi kowa sayen fili a Gusau, kuma har yau ba a taɓa ganinsa ba. Malamai suna kiran tayin ƙarya don a zuga mai saye najashi, kuma Manzon Allah (SAW) ya hana shi.

Babban kuɗin kuwa ba a la'ada yake ba. Ofishin da ya tara bayanan mutum ɗari biyu ko uku ya san inda gari zai nufa kafin gari ya sani. In ya duba ya ga mutum talatin suna neman hamsin-da-hamsin a gefe ɗaya, kuma kuɗinsu kusan ɗaya, sai ya je ya sayi gona a can da farashin gona, ya kira safiyo ya yanka ta fuloti-fuloti, ya dasa duwatsu, ya kira mutanen nan talatin. Ya sayar kafin ya saya, kusan. Haka unguwanni da dama suka tashi a gefen garuruwanmu. A Gusau wannan sanin ya ƙara daraja tun da rashin tsaro ya riƙa turo mutane daga Ɗansadau, Zurmi, Maru da Tsafe zuwa cikin gari. Wanda ya fara jin cewa masu saye sun daina tambayar faɗin fili sun koma tambayar nisansa da shingen jami'an tsaro, shi ya fara sanin wace unguwa za ta yi tsada, wace za ta kwanta.

Sai kuma abin da ya same ki. Wanda ya sayi fili zai nemi bulo, yashi, siminti, rodi, rijiya, kwano, sola, lauya da safiyo. Kowane ɗaya daga cikin masu waɗannan sana'o'i a shirye yake ya ba da wani abu ga wanda ya kawo masa kwastoma. Wasu ofisoshin suna da tsayayyiyar yarjejeniya da su. A wasu kuma mai ofishin bai ma sani ba, yaron da ya karɓi takardarki ne ya ɗauki hotonta ya jefa a zauren WhatsApp na dillalai da 'yan kayi-nayi, yana cewa "akwai mai neman fuloti, miliyan kaza, wanda ke da shi mu raba". Daga nan babu mai iya dawo da ita. Kiran wani dillalin da ba ki sani ba ya sa na fi zargin wannan hanyar.

Ni ma abin ya taɓa cizona ta wata fuska. Wani yaro da ya yi shekaru tare da ni ya tashi ya buɗe nasa wurin. Bai ɗauki kujera ko fanka ba, ya tafi da wayarsa kawai, amma duk lambobin mutanen da muka yi hulɗa da su suna ciki, tare da hirarrakinsu. A watan ya fara kiransu ɗaya bayan ɗaya. Ranar na gane cewa in za a sayar da ofishin dillanci, abin da mai saye zai biya kuɗi a kansa shi ne wannan jerin sunayen, sauran duk tarkace ne. Na sake ganin haka a Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara: masu ajiye komai a WhatsApp suka zauna zugum, masu tsohon littafi kuwa suka riƙa bin mutanensu har gida.

A ƙasashen da harkar ta girma, wannan lissafin ya kai biliyoyi. A Amurka akwai kamfanin Zillow, wanda miliyoyin mutane ke shiga shafinsa kallon gidaje kyauta. In mutum ya ga gida ya danna maɓallin neman dillali, sau da yawa ba dillalin gidan ake haɗa shi da shi ba, wani ne da ya biya Zillow don a riƙa tura masa masu saye na wannan yankin. Akwai ma tsarin da dillali ba ya biya sai ciniki ya faɗa, sannan ya ba kamfanin wani kaso na la'adarsa, wanda kan kai sulusi. A 2021 Zillow ya sayi ShowingTime, manhajar tsara lokacin zuwa ganin gida, kan dala miliyan 500. A 2023 ya sayi Follow Up Boss, manhajar da dillalai ke ajiye bayanan kwastomominsu, kan dala miliyan 400. Wato littafin dattijon nan nawa, amma na dillalai dubbai a wuri ɗaya. A 2025 kuma Rocket, kamfanin ba da bashin sayen gida, ya sayi kamfanin dillanci na Redfin kan dala biliyan 1.75, domin wanda ke duba gida yau shi ne mai neman bashi gobe. Mai rancen da ya kira ki dabararsa ɗaya da tasu, jarin ne kawai ya bambanta. Su ma can abin bai tafi lami lafiya ba. A 2019 hukumar gidaje ta Amurka ta tuhumi Facebook da barin masu tallar gidaje su zaɓi wanda zai ga talla da wanda za a ɓoye wa ta hanyar amfani da bayanan mutane, sai a 2022 aka sasanta da gwamnati. A nan gida, duk lokacin da kika danna neman lambar mai talla a shafukan intanet irin su Jiji ko PropertyPro, ko kika amsa tallar fili a Facebook, kin shiga lissafin wani.

Batun halacci kuwa, doka tana tare da ke. A watan Yunin 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC. Kafin ita akwai ƙa'idojin da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA ta fitar a 2019. Ƙashin bayan dokar shi ne, wanda ya karɓi bayananki don wata manufa ba shi da ikon juya su zuwa wata manufar da ba ta dace da ta farko ba, sai da hujjar da doka ta yarda da ita, kamar amincewarki. Kin ba da lamba don a nemo miki fili, ba don a tallata miki bulo ba. Kina da haƙƙin tambayar me suka ajiye a kanki da wa suka ba, da haƙƙin a goge, da haƙƙin ki ce a daina yi miki talla. Tarar ƙananan masu riƙe bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ga manya kuwa miliyan 10 ne ko kashi 2. Hukumomi sun nuna suna iya cizo: a Yulin 2024 hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta ci Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya. Sai dai gaskiya, tsakanin Abuja da bencin dillali a Tudun Wada akwai tafiya, kuma yawancin abokan sana'ata ba su taɓa jin sunan dokar ba. Abin da suka sani shi ne amana, kuma ya isa hujja a kansu. Hadisi ya zo cewa in mutum ya yi maka magana sannan ya waiga, maganar ta zama amana. Macen da ta faɗi abin da ta tara ba ta buƙatar ta waiga kafin a gane sirri ne.

Kada kuma ki ɗauka duk tambaya tarko ce. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta sa dillalan gidaje cikin waɗanda dole su yi rajista da SCUML, sashen EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram, su kuma san wanda suke hulɗa da shi, ta kuma hana mutum ɗaya biyan fiye da naira miliyan 5 a tsabar kuɗi ba ta banki ba. Saboda haka in an zo rubuta yarjejeniya aka nemi katin shaidarki, daidai ne. Amma a ranar farko, kina tambayar fili kawai, babu dokar da ta ce ki faɗi albashinki.

Abin da ya fi damuna a takardar nan taki ba kiran mai bulo ba ne. A Zamfara muke. Takarda mai ɗauke da sunan mace, wurin aikinta, lambarta, da cewa tana da miliyoyi a ajiye, ba abin da za a bari a kan tebur ba ne, balle a zauren da ba a san adadin mutanen cikinsa ba. Kowa ya san da ɗan gari akan ci gari, kuma masu kai wa 'yan bindiga rahoto irin wannan bayanin suke nema. Ban ce dillalai ke yi ba. Mafi yawansu mutanen kirki ne masu neman halal, su ma abin yana cinsu. Amma wanda ya jefa takarda a zaure bai san wayar wa za ta faɗa ba. Akwai kuma ƙaramin haɗari na cikin gida: mata da yawa suna sayen fili a asirce da kuɗin gado ko na adashi, in labari ya fita sai dangi su yi layi da buƙatu kafin a kai ga biya. Saboda wannan ni a wurina na daina rubuta adadin kuɗin mutum kusa da sunansa. Lamba nake ba kowa, sunayen suna wani littafin daban da ba ya kwana a ofis.

Yanzu ki koma ofishin, zai fi kyau da rakiyar maigidanki ko wani ɗan'uwa, ki nemi ganin mai wurin da kansa, ba yaran ba. Cikin mutunci ki ce masa, "Alhaji, na ba ku lambata don neman fili, ga shi ta bazu. Ina son a ba ni takardata, a goge ni daga waya da kwamfuta, a kuma gaya mini wa aka ba." Ki bi shi da saƙon waya mai wannan maganar don ya zama shaida. In mutumin kirki ne zai ji kunya, wataƙila ma a ranar ya gano ɓarnar da yaronsa ke yi masa. In ya yi miki taurin kai, kina iya kai ƙorafi ga NDPC a rubuce, in kuma yana da rajistar masu ƙiyasta gidaje, ga hukumarsu ta ESVARBON. Duk wanda ya sake kira, ki tambaye shi wa ya ba shi lambar kafin ki toshe shi, sau da yawa suna faɗa. Tura STOP zuwa 2442 yana rage saƙonnin tallar da ke biyowa ta kamfanonin waya, amma ba zai hana mai rijiya kira ba.

In za ki sake fita neman fili, ki faɗi unguwa da girman da kike so, ki bar su su fara faɗin kuɗi. In an matsa sai kin faɗi naki, ki faɗi ƙasa da abin da ke hannunki, kada ki ce yana hannu, kada ki ce kina sauri. Gurbin wurin aiki ki bar shi fayau. In da hali ki ware layi ɗaya na wannan harkar kaɗai. Kafin ki taya, ki tambayi dillalin ƙarara ko la'ada zai ci ko ɗori ya yi, kuma ki ce ranar biya sai mai filin ya zauna da kansa a gaban shaidu, kuɗin kuma asusunsa za su shiga kai tsaye.